Mahaifiyarka Ba Ta Motsa Ba

Roni,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka Rakiya, Ya kuma tsare ku a tafiyar da ke gabanku. Mu nan ƙalau muke, sai dai abin da zan faɗa maka.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuka rabu shekaranjiya, alhali tsakanin Roni da Kazaure ba wata tafiya ba ce. To, ka san yadda muke ni da kai. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kuma aka sa maka, shi ya sa tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban kuma taɓa zama mun yi doguwar magana ido da ido ba. Mutane suna yaba mini wannan kunyar. Ni kaɗai na san sau nawa na fake a bayanta don kada in faɗi abin da ya kamata in faɗa. Ranar Juma'ar nan ma sai da na sake fakewa.

Da kuka zo mana sallama, kuka fito za ku hau babur, ina cikin zaure ba ku gan ni ba. Na ji ka ce wa Rakiya, "Ki zauna daram fa. Jiya ma da muka ɗan yi gudu sai da kansa ya yi rawa. Kada ki yi mini irin ta Inna." Ta yi dariya ta ce to. Ranar Asabar mai zuwa za ka ɗauki yarinyar nan a bayanka tun daga Kazaure har Azare, inda gidan waya suka tura ka, kana ganin in dai ta zauna daram shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Babur ɗinka yana da ciwo, kuma ba zaman Rakiya ne ya kawo shi ba. Maganar da ka faɗa mata a bakina ka tsince ta, kuma ƙarya ce. Mahaifiyarka ba ta motsa ba.

Kada ka ajiye takardar nan don ranka ya ɓaci. Ka karanta ta har ƙarshe, don gyaran babur ɗin yana cikinta, daga baya ka yi fushin da za ka yi.

Kana da shekara biyar ko shida a lokacin, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a Kazaure, ina malamin dabbobi a En'e, wato hukumar gargajiya, ina zagaya rugage daga Gwiwa zuwa Roni zuwa Babura ina yi wa shanu allura. Babur ɗina baƙi ne, babba, ƙirar Ingila. Masu irinsa a duk ƙasar Kazaure ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In na nufo gari ƙararsa takan riga ni isa, mata su leƙo ta kan danga, dattawa su ɗaga mini hannu. Ka san ni yanzu a tsoho mai sanda da carbi. A da kaina ya fi ƙarfin hulata.

Hanyoyin Babura yashi ne, ka sani. Waɗanda suka riga ni hawan babur suka koya mini dabara: in za ka shiga yashi, ka danna bawul ka rage iskar taya, sai ta baje ta hau kan yashin maimakon ta nutse. Dabara ce mai kyau har gobe. Sun kuma ce in ka fito kan kwalta ka tsaya ka mayar da iskar. Wannan rabin na biyu shi na yar. Dalilin ma abin kunya ne. Famfon da nake da shi irin na keke ne, ni kuma ban ga yadda malamin En'e guda, da farar riga da takalmi sau-ciki, zai tsuguna a bakin hanya yana buga famfo motoci suna wucewa ana kallonsa ba. Sai na rataye famfon a bayan ƙyaure, na riƙa hawa kwalta da tayar yashi.

Babana, taya mai ƙarancin iska ba ta nuna halinta a cikin gari. Sai ka sami miƙaƙƙiyar kwalta ka buɗe wuta, sannan ta fara lanƙwasa gefe da gefe, kan babur kuma ya bi ta. Ka sayi ma'aunin iska ka riƙa ajiye shi a aljihu. Kada ka yarda da ɗan yatsanka, don tayar da ta rasa rabin iskarta ma takan ji da tauri in ka latsa. Ka auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi. In za ka yi goyo da kaya, ka ƙara wa ta baya gwargwadon yadda ɗan littafin da ya zo da babur ɗin ya ce. Ka tafi da famfo duk inda za ka, kuma duk ranar da ka rage iska don yashi, ka tsaya a bakin kwalta ka tsuguna ka buga, ko da duk garin ne suka fito kallo.

Ranar da ya fara yi mini rawar ni kaɗai ne, a gangaren nan na tsakanin duwatsu kafin a shiga Kazaure. Allurar agogon gudu ta ɗan haura mil hamsin, sai na ji kan yana kaɗawa hagu da dama a hannuna, kamar mutum yana cewa a'a. Na sassauta totur, ya daina. Da na isa gida ban faɗa wa kowa ba. Washegari na gwada, ya sake yi, a daidai wannan gudun. Maimakon in nemi dalili, sai na haddace inda yake farawa, na riƙa tsayawa ƙasa da nan kaɗan. Har alfahari nake yi a raina, wai na san halin babur ɗina. Wata shida muna haka da shi.

Kada ka yi wannan zaman da naka. Kai ma ka fara, don na ji ka ce "da muka ɗan yi gudu", ke nan ka riga ka san inda yake farawa. Wurin ba ya tsayawa a inda ka san shi. Kullum ƙasa yake yi. Abin da yau sai ka kai wani gudu yake zuwa, ran da ka yi lodi ko iska ta ragu zai tare ka tun ba ka kai can ba.

Ba wai ba a gaya mini ba. Ka san Malam Tanko mai gyaran keke na bakin kasuwar Roni, wanda yanzu idonsa ya yi rauni. A lokacin da ƙarfinsa. Wata ranar kasuwa na kafe babur ɗin kusa da rumfarsa ina gaisawa da mahauta. Na juyo na gan shi a tsugune yana duban ƙafar gaba.

Ya ce, "Malam, ranka ya daɗe, in taɓa?"

Na ce ya taɓa. Ya miƙe ya riƙe birkin gaba, ya tura babur ɗin gaba ya ja shi baya, sau uku.

"Ka ji?"

"Me zan ji?"

"Wuyansa ne. Yana ƙas-ƙas. Gargadar hanya ta kwance notin, 'ya'yan boris sun fara cin mazauninsu. Ba ya yi maka rawa in ka yi gudu?"

Da mu biyu ne, wataƙila da na ce yana yi. Amma mahauta suna tsaye, ga masu sayar da fata, duk sun zuba mana ido. Na ga mai gyaran keke, hannu duk baƙin mai, yana neman ya koya mini abina a gaban mutane. Na ce, "Tanko, wannan fa ba keke ba ne." Aka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Ya goge hannunsa a jikin tsumma ya ce, "Haka ne, Malam. Amma yadda aka haɗa wuyan keke haka aka haɗa nasa. Ka bar mini shi zuwa la'asar." Na buga babur ɗina na tafi. Ina jin sa a bayana yana cewa Allah Ya kiyaye hanya.

Ga yadda ake duba wuya, kamar yadda ya nuna mini daga baya, lokacin da ba ni da sauran bakin musu. Ka nemi turmi ka kifa, ku ɗora cikin injin a kai yadda ƙafar gaba za ta bar ƙasa. Ka tsuguna a gabansa ka kama ƙarafunan nan biyu da ke riƙe da ƙafar, ka ja su wajenka ka tura. In ka ji motsi ko ɗan ƙara, wuya ya kwance. Sai ka miƙe ka juya kan a hankali daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Ya kamata ya tafi sumul. In ya zo tsakiya ya ɗan cije, kamar ya faɗa wani ɗan rami, to boris ya riga ya ci mazauninsa, ɗaure noti ba zai yi magani ba, sai an canza duka an cika da giris. In an zo ɗaurewa kuma kada a ɗaure shi tamau. Wuyan da aka shaƙe ma yana sa babur lilo. Ana so ne ya daina motsi gaba da baya, amma in ka ɗan taɓa kan ya faɗa gefe da kansa. Kuma duk wanda ya nuna maka wani abu a jikin abin hawanka, kada ka dubi rigarsa.

Akwai kuma maganar kaya. Malamin dabbobi ba ya dawowa daga ruga hannu biyu. Wannan ya ba ka man shanu, wancan kaza, wani ƙwan zabi. Kariyar babur ɗin, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ta yi mini kaɗan, sai na sa maƙeri ya ƙara mata tsawo da ƙarfe, ta wuce tayar baya da kusan kamu guda. Na ga na yi dabara. Ban san duk abin da ka ɗora a can ƙarshen yana ɗaga ƙafar gaba ne daga ƙasa ba. Ƙafar da ba ta dafe ƙasa sosai ba kuwa ita ce mai rawa. Don haka mai nauyi ka raba shi biyu daidai, ka rataya a gefe da gefe, ƙasa-ƙasa, kusa da inda kuke zaune. Bayan Rakiya kada ka ɗora abin da ya wuce ƙunshin tufafi.

To, duk waɗannan ukun a rana ɗaya suka haɗu mini.

Ƙanwar mahaifiyarka ta haihu a wani ƙauye gabas da Babura, muka je suna, muka bar ka wajen kakarka. Da za mu dawo bayan azahar, surukaina suka haɗa mana rabin buhun gero da ƙwaryar daddawa da kaji biyu. Na ɗaure su duka a ƙarshen kariya. Mahaifiyarka ta hau ta zauna a kaikaice, ƙafafu a gefe ɗaya, yadda mata suke zama. Na rage iska saboda yashi. Muka fito kan kwalta ban tsaya ba, ina ma famfon. Na daɗe ina gaya wa mutane wai hadari ne ya taso nake sauri. Akwai hadarin, amma yana can nesa. Gaskiyar ita ce wata motar fasinja ce a gabanmu, mutane a cike a bayanta suna kallonmu, na so su ga yadda zan wuce su da matata a baya.

Na wuce su a farkon gangaren. Ban ma kai mil hamsin ɗin nawa ba ya fara. Wannan karon ba kaɗan-kaɗan ba ne, fizga yake yi, kan yana dukan tanki hagu da dama. Na ƙanƙame shi da iya ƙarfina ina so in tsayar da shi da damtse, ya ƙara haukacewa. Sai na damƙe birkin gaba. Daga nan ban san komai ba sai da na gan ni a cikin ciyawa, gero ya watse a kan kwalta, kajin suna ta kuka.

Ka riƙe wannan da kyau, don ko babur lafiyayye wani rami ko wata iska kan tayar masa da rawa. In ya fara, kada ka yi kokawa da shi, damtsenka ƙara masa yake yi. Ka sassauta riƙo amma kada ka saki. Ka matse tanki da gwiwoyinka, ka kwanto da ƙirjinka gaba don nauyinka ya koma kan ƙafar gaba. Ka rage totur sannu a hankali, ba lokaci guda ba. Birkin gaba kada ka kusance shi. In ya zama dole, ka ɗan taka na baya kaɗan. Idonka a can gaba inda kake so ka je, ba a kan hannunka ba. In ya lafa ka sauka gefen hanya ka duba, kada ka ce bari dai mu ƙarasa.

Ni gwiwa da kafaɗa kawai na goge. Mahaifiyarka tana kwance a bakin kwalta, ƙafarta ta hagu ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, ba ta san inda take ba. Motar ta tsaya, mutanen da na so in burge suka sauko suka kewaye mu. Mata suka rufa mata mayafi. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Sannu, Malam. Garin yaya?"

Babana, ban shirya maganar ba. Na dubi fuskokinsu, na tuna dariyar da aka yi wa Tanko a kasuwa, na ga yau ni za a yi wa. Sai na ji bakina ya ce, "Motsawa ta yi."

Nan take kowa ya karɓa. Dattijon ya girgiza kai ya ce ai zaman mata a kan babur sai a hankali. Kafin a kai ta asibiti maganar ta riga mu shiga gari. Kakarka, Allah Ya ji ƙanta, ta zauna a bakin gadonta ta ce, "Ke ma dai, a ɗauko ki a kan abu mai gudu irin wannan ki tsaya gyaran ɗankwali? Da kin kashe mini ɗa fa?" Ba wanda ya ce ɗankwali ta gyara, kakarka ce ta ƙara wannan, ni kuma ina tsaye ban cire ba.

Da aka watse ya rage mu biyu, mahaifiyarka ta ce, "Malam, da gaske na motsa? Ni ban tuna komai ba tun daga inda muka wuce motar."

Na ce, "Ya wuce. Haka Allah Ya ƙaddara."

Hawaye ya riƙa bin gefen fuskarta yana shiga kunne. Can ta ce, "Ka yafe mini."

Na ce, "Na yafe."

Na yi abubuwa da yawa a rayuwata da ba na so a tuna mini, amma babu wanda ya kai wannan kalmar. Yau shekara goma sha bakwai ke nan. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, ka girma kana ganin ɗingishinta. Tun daga ranar ba ta sake hawa babur ba. In za ta Babura sai ta jira motar kasuwa, wani lokaci ta wuni a tasha. Maganar kuma ta zama abin wasa a gidanmu. In ƙannenka suna mutsu-mutsu a kan tabarma sai a ce kada a yi zaman Inna, ita ma ta taya ku dariya. Ni ma nakan yi. Sau da yawa na yi niyyar faɗa, sai in ce bari ta warke, bari kakarka ta kau, bari yara su girma. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara sabawa da ita.

Mutum ɗaya ne ya sani. Bayan wata guda na sa aka ɗora babur ɗin a amalanke aka kai wa Tanko. Ban kai shi Kano wajen manyan makanikai ba, don ina tsoron tambayoyinsu. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya kifa turmi ya ɗora shi, ya kwance wuyan a gabana. 'Ya'yan boris suka zubo a kan tsumma, busassu, sun yi tsatsa, biyu a fashe. Mazauninsu ya yi ramuka a jere.

Bai tsaya nan ba, kai ma kada ka bari a tsaya nan. Ya kama kowace ƙafa sama da ƙasa ya girgiza ta gefe, don ya ji ko boris ɗin ƙafar ya ci. Ya ɗauki sifana ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Mai kyau takan yi ƙara siririya, sakakkiya kuwa sai ta yi dum, ya sami sakakku bakwai a ƙafar baya. Ya juya ƙafar yana riƙe da alli kusa da bakin ƙarfenta, duk inda allin ya taɓa nan ta karkace. Ya duba tayoyin ko sun cinye ta gefe ɗaya ko sun yi ƙulu. Ya kama tayar baya ya tura ta hagu da dama, ya ga ko ƙarfen da ke riƙe da ita yana wasa a inda ya haɗu da jikin babur. Ya danna bayan babur ɗin ya saki, ya ce in ya yi ta lilo bai tsaya nan da nan ba, shokozoba ta mutu. Daga ƙarshe ya ja zare biyu daga tayar baya zuwa ta gaba, ɗaya ta kowane gefe, ya nuna mini yadda ta baya ta kalli wani wuri daban, saboda ni in na ja sarƙa gefe ɗaya nake ɗaurewa fiye da ɗaya. Ya sa aka yanke ƙarin kariyar. Bayan kwana uku na hau na bi gangaren nan, babur ya tafi kamar an ja layi.

Da na dawo, ya kwashe 'ya'yan boris ɗin ya zuba mini a tafin hannu ya rufe da nasa. Ya ce, "Malam, ko turmi ka ɗaure a bayan babur ɗin nan ranar, da ya yi abin da ya yi."

Na ce, "Tanko, na sani."

Ya ce, "To. Ni mai keke ne, bakina bai kai cikin gidanka ba."

Bai sake tayar da maganar ba har yau. Duk sanda mahaifiyarka ta wuce ta bakin kasuwa yakan miƙe tsaye ya gaishe ta, ni kuma in rasa inda zan sa idona. 'Ya'yan boris ɗin suna nan a gwangwanin da nake ajiye allurai. Na sa maka ɗaya daga cikin fasassun a ambulan ɗin nan, shi ne ɗan taurin da za ka ji a kusurwa.

Ranar Juma'a, kana ciki kana gaisawa da ƙannenka, na fita na riƙe birkin gaban babur ɗinka na tura na ja. Yana ƙas-ƙas, irin wancan sak. Naka sabo ne, ƙirar Japan, agogonsa ma kilomita yake ƙirgawa ba mil ba, amma hanyar Gwiwa da kake bi kullum ba ta san sabo ba. Tayar baya ta kwanta. Ga kuma akwatin katakon da ka sa aka kafa maka a ƙarshen kariya don kayan tafiya. Na ga duk wannan da idona, na ji abin da ka ce wa Rakiya da kunnena, amma na fito na ɗaga muku hannu na ce Allah Ya kiyaye hanya, kuka tafi. Da furfurata da komai na sake yin shiru.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara ba ce. Ka cire akwatin nan, ka aika kayanku a mota. Kafin Laraba ka kawo babur ɗin Roni, kai kaɗai, a hankali. Tanko ba ya gani sosai, amma hannunsa da kunnensa suna nan, zai faɗa maka abin da za a canza, in ya so ka kai wa makaniken da ka yarda da shi a Kazaure. In ka je ka tsuguna ka gaishe shi. Bayan an gyara ka gwada shi kai kaɗai a kan kwalta, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. In ya sake ko da alamar rawa, Rakiya ta bi mota, gidan waya su jira.

Saura magana ɗaya. Jiya bayan la'asar na sami mahaifiyarka a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba, har ta ɗago ta dube ni. Na faɗa mata duka, tun daga famfon bayan ƙyaure har zuwa abin da Tanko ya zuba mini a hannu. A raina na ɗauka ta daɗe da sani, tana rufa mini asiri ne irin na mata. Da wannan tunanin nake lallashin kaina shekara da shekaru. Ashe ba ta sani ba.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ce, "Ashe ban motsa ba?"

Na ce, "Ba ki motsa ba."

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta ce, "Ni kuwa kullum sai na yi ta ƙoƙarin tuna ko da wane hannu na gyara ɗankwalin. Ranar Juma'a ma ni na ja Rakiya ɗaki na ce mata ko ƙuda ne ya sauka a hancinta kada ta kore shi."

Ta ce, "Ka rubuta masa. Kuma ka ce ya karanta wa yarinyar da bakinsa, kada ya tsallake ko layi ɗaya." Don haka ka karanta mata, Babana, har da wannan wurin. Ƙannenka kuma ni zan tara su in gaya musu, wasan nan ya ƙare a gidan nan.

Da ta miƙe za ta shiga ɗaki na ce, "Ki yafe mini."

Ta tsaya da faifan a hannu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Bari su isa Azare tukuna."

To, ka ji inda nake. Ba ta ƙara ce mini komai ba sai gaisuwar safe, kuma ban ga laifinta ba. In kun sauka, kafin ka kwance kaya, ka aiko da waya ko takarda, kuma da sunanta za ka aiko, ba da nawa ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ka shiga aikinka a sa'a. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka zuciyar faɗin gaskiya tun tana da sauƙin faɗa. Ka gaishe mini da Rakiya, ka ce mata ta zauna yadda ta ga ya yi mata daɗi.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Haruna, tsohon malamin dabbobi.